Fitila ɗaya, ido ya ga huɗu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu, 'yan'uwa maza da mata.

Ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci. Daga sama zan ɗauko maganar, amma a cikin wayar da ke hannunka za ta sauka.

A shekarar 1979 wasu masana taurari su uku, Dennis Walsh da Robert Carswell da Ray Weymann, suna aiki da madubin hangen nesa a kan dutsen Kitt Peak da ke jihar Arizona ta Amurka. Sai suka tsaya a kan wasu ɗigon haske guda biyu a sararin sama ta arewa, yankin da taurarin nan bakwai suke waɗanda Larabawa ke kira Banatu Na'ash. Ɗigon biyu suna dab da juna ƙwarai. Da za ka raba faɗin cikakken wata na daren sha huɗu gida 300, to ratar da ke tsakaninsu kamar gida ɗaya ce. Kowannensu kuma irin abin nan ne da masana ke kira kweza.

Kweza a madubi kamar tauraro take, amma ba tauraro ba ce. Cibiyar wani birnin taurari ce mai nisan gaske, irin birnin da ake kira galaksi, wanda taurarinsa kan kai biliyoyi. A wannan cibiya akwai baƙin rami mai nauyin da ya ninka na ranarmu sau miliyoyi, wani ma sau biliyoyi. Iskar gas da ƙura suna kewaya shi suna zurarawa ciki yadda ruwa ke juyi a bakin mazurari, kuma kafin su faɗa sai su yi zafi su kama haske, hasken da kan fi na dukan taurarin birnin a haɗe. Shi ya sa ake hango ta daga nisan da ba a iya hango birnin kansa da sauƙi. A 1963 ne Maarten Schmidt ya fara gane irin nisan da waɗannan abubuwa suke da shi. Haske yana cin kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa tsakar gidanku minti takwas da 'yan daƙiƙu yake yi. Shi kuwa hasken wannan kweza da mutanen nan uku suka duba, kusan shekara biliyan 9 ya yi yana tafe. Masana sun ƙiyasta shekarun ƙasar da muke takawa da biliyan huɗu da rabi, ka ga ke nan ya baro gida tun ba a halicci ƙasar da zai sauka a kanta ba. Subhanallah.

To, samun kweza biyu manne da juna haka abin mamaki ne, don ba su da yawan da za su riƙa cunkushewa wuri ɗaya. Mai gaggawa da sai ya rubuta cewa ya gano tagwaye ya wuce. Su ba su yi haka ba. Haske idan aka ratsa shi ta wani irin gilashi yakan baje launi-launi kamar bakan gizo, kuma a cikin launukan akwai layuka da ke faɗin irin sinadaran da ke inda ya fito da kuma nisan wurin. Kowace kweza da nata tsarin layukan, kamar zanen yatsa. Da suka baje hasken na farko suka baje na biyu, sai suka tarar da zanen yatsa guda: nisa ɗaya, layuka ɗaya, a gurbi ɗaya. Sai suka ce abin nan fa ɗaya ne, hotonsa ne ya zo mana sau biyu.

Yaya abu ɗaya zai bayyana a wuri biyu? Tun 1915 Albert Einstein ya zo da bayanin cewa abu mai nauyi yana lanƙwasa sararin da ke kewaye da shi, kuma duk abin da ya bi ta wurin, har haske, dole hanyarsa ta karkace. Ɗora dutsen niƙa a tsakiyar katifa, ka garo lemun tsami ta gefensa, za ka ga ya bar miƙaƙƙiyar hanya ya bi kwarin da dutsen ya yi. An gwada wannan magana ranar 29 ga Mayu 1919, lokacin wani husufin rana, a wurare biyu: garin Sobral a Burazil, da tsibirin Principe, wanda ke cikin tekun Gini kudu da gaɓar Najeriya. Arthur Eddington ne ya je Principe. Da wata ya rufe fuskar rana gari ya yi duhu, aka ɗauki hoton taurarin da ke gefenta, aka ga sun ɗan gusa daga mazauninsu. Taurarin suna nan inda suke, hasken ne ya karkace da ya gilma ta kusa da rana. A 1936 Einstein ya rubuta cewa tauraro zai iya zama kamar ruwan tabarau ga wani tauraron da ke bayansa, amma shi kansa bai sa ran za a taɓa gani ba. Shekara ɗaya bayan haka Fritz Zwicky ya ce idan birnin taurari ne sukutum ya tsaya a tsakani, za a gani. Einstein ya rasu a 1955, shekara 24 kafin daren Kitt Peak.

Abin da ya faru ke nan. Tsakaninmu da waccan kweza akwai wani ƙaton birnin taurari, nisan tafiyar haske ta kusan shekara biliyan 4 daga nan, yana cikin ayarin wasu biranen. Hasken da ya taso daga baya ya zo ya tarar da shi a kan hanya, wani ya bi ta wannan gefe, wani ya bi ta wancan, nauyin ya tanƙwaro su duka biyun suka haɗu a idon madubi. Ido kuwa bai san hanya ta lanƙwasa ba. Duk inda haske ya shigo masa, can yake zaton abin yake. A lokacin da aka gano hoton biyu ma ba a ga birnin da ya haddasa su ba, sai daga baya aka tono shi, ya laɓe dab da hoto na biyu. Kuma masana sun ce mafi yawan nauyin da ke yin wannan aiki a irin waɗannan birane wani abu ne da ba ya haske kwata-kwata, ta aikinsa kaɗai ake sanin yana nan.

Akwai ƙari. Hasken kweza yakan ɗan ƙaru ya ɗan ragu, kamar fitilar aci-bal-bal a cikin iska. Da aka yi shekaru ana lura, sai aka ga duk motsin da hoto na farko ya yi, na biyu zai maimaita shi daidai bayan kwana 417. Hanyoyin biyu ba su zo daidai ba, shi ya sa saƙo guda yake isowa yau, sannan ya sake isowa bayan shekara da kusan wata biyu kamar sabo. An daɗe ana jayayya a kan adadin kwanakin, sai wajen 1997 maganar ta zauna. Akwai kuma wata kweza a yankin taurarin Pegasus, wadda John Huchra da abokan aikinsa suka gano a 1985. Da aka samu hotuna masu kyau sai aka ga ita sau huɗu take bayyana, ɗigo huɗu sun sa birnin taurari a tsakiya. Ana kiranta Gicciyen Einstein saboda siffarta. Fitila guda ce, ido yana ƙirga huɗu.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya ce a Suratul Waƙi'a: "Fala uƙsimu bi mawaƙi'in nujum, wa innahu laƙasamun lau ta'alamuna azim." Wato Ina rantsuwa da masaukan taurari, kuma lalle rantsuwa ce mai girma da kun sani. Ina roƙon 'yan'uwa masu son yaɗa alheri, kada wani ya ɗauki wannan rubutu ya ce ai ga tafsirin ayar an gano a Amurka. Malaman tafsiri sun yi maganarsu tun da daɗewa: wasu suka ce mafaɗar taurari ake nufi, an kuma ruwaito daga Ibn Abbas, Allah Ya yarda da shi, cewa saukar Alƙur'ani ce kashi-kashi. Littafin Allah ba ya jiran madubin kowa ya gaskata shi, kuma lissafin masana yakan canza. Abin da aka umarce mu shi ne tunani a kan halitta, kamar yadda ƙarshen Ali Imrana ya siffanta ma'abota hankali, masu cewa ya Ubangijinmu, ba Ka halicci wannan a banza ba. Ni tunanin da ya kama ni, tun ranar da na fahimci labarin nan, Suratun Nur ya kai ni.

Kun san ƙissar. Ana dawowa daga yaƙin Banul Musɗaliƙ, Uwar Muminai Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta tsaya neman sarƙarta da ta tsinke, ayari ya tashi ba a lura ba ta cikin darbukarta. Safwan ɗan Mu'aɗɗal, wanda ke tafe a bayan runduna, ya same ta, ya durƙusar da raƙuminsa ta hau, ya ja akala har suka cimma mutane. Iyakar abin da ido ya gani ke nan: mace a kan raƙumi, namiji yana jan akala, da rana tsaka, a gaban kowa. Wannan hoton gaskiya ne, babu wanda ya ƙirƙire shi. Amma ya ratsa ta zuciyar Abdullahi ɗan Ubayyu, shugaban munafukai, mutumin da ke ɗauke da nauyin hassada tun ranar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya shigo Madina. Da hoton ya fito ta ɗaya gefen, ya riga ya karkace. Tsawon wata guda magana tana yawo a gari. Wata guda wahayi bai sauka a kan lamarin ba. Wanda ya fita kasuwa zai ji, ya koma gida ya ji, ya je wurin ɗiban ruwa ya ji. Mai rauni zai ce, abin da kowa ke faɗa ai ba ya rasa tushe. Tushen kuwa mutum ɗaya ne.

Da ayoyi suka sauka, ku dubi tambayar da Allah Ya yi: don me ba su zo da shaidu huɗu a kansa ba? Tun da ba su zo da shaidun ba, to waɗannan a wurin Allah su ne maƙaryata. Shaidu huɗu aka nema, wato ido huɗu mabambanta, kowanne ya gani da kansa. Baki arba'in da suka ɗauko daga baki ɗaya ba su cika ko shaida guda ba. Ɗigo huɗun nan na Gicciyen Einstein, da za a kira su gaban alƙali, mutum ɗaya ne ya shigo ta ƙofa huɗu.

Sai aya ta 15 ta zo da wata kalma mai ban tsoro: "Iz talaƙƙaunahu bi alsinatikum." Lokacin da kuke karɓarsa da harsunanku. Da kunne ake karɓar magana, amma Allah Ya ce da harshe, domin maganar ba ta tsaya ta bi ta hankali ba, daga harshe take faɗawa kan harshe. Yau da ɗan yatsa muke karɓa. Saƙo ya shigo, kafin a kai ƙarshen karatunsa an tura shi gida biyar. Ayar ta ci gaba: kuna faɗa da bakunanku abin da ba ku da saninsa, kuna zaton abu ne mai sauƙi, alhali a wurin Allah babba ne.

Ɗan'uwa, duba yadda abin yake a hannunmu. Ka buɗe WhatsApp, ka ga labarin wani a zauren 'yan ajinku. Ka leƙa zauren unguwa, ga shi. Ka hau Facebook, wani shafi ya ɗora. Da yamma a majalisa wani ya ce, kai ma ka ji? Sai zuciyarka ta ce wuri huɗu fa, magana ta tabbata. Ba ka tambayi kanka ba ko na majalisar daga Facebook ya gani, na Facebook daga zauren unguwa ya kwafo, na zauren unguwa kuma shi ne dai wanda ya tura a zauren 'yan aji. Waɗanda suka yi wayo a watan Agustan 2014 ba za su manta daren ruwan gishiri ba, lokacin da ake fargabar cutar Ebola. Waya ta yi ta ƙara tun kafin asuba, uwa ta kira ɗa, ɗa ya kira ƙanwa, maƙwabci ya buga ƙofar maƙwabci: a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a sha. Kowa ya ji daga mutum biyar da ya yarda da su, kuma duk cikinsu babu mai mugun nufi. Gari ya waye wasu suna kwance a asibiti, har aka samu rahoton rasuwa. Wannan gishiri ne, an ga ɓarnarsa a kwana ɗaya. Idan mutuncin mutum ne aka jiƙa haka, shekaru ake yi ba a gama kwashe ɓarnar ba.

Malamanmu na hadisi sun riga kowa sanin wannan tarko. Idan suka ga hadisi ya zo ta hanyoyi goma ba sa murna tukuna. Sai sun jera hanyoyin, sun bi kowacce sama, su ga a ina suka haɗu. Sau da yawa sai a tarar duka goman a kan mutum ɗaya suke kewayawa, shi suke kira madarin hadisin. In amintacce ne, madalla. In mai rauni ne, yawan rassa ba ya gyara saiwa. Ba sa kiran labari mutawatiri sai jama'a masu yawa sun ɗauko daga jama'a masu yawa a kowane mataki, har ya tuƙe ga abin da aka gani ko aka ji kai tsaye. Aikin da mutum ukun nan suka yi a Kitt Peak ɗan'uwan wannan ne, sun ƙi yarda da ƙirgen ido sai da suka duba zanen yatsa. Mu da muka gaji ilimin isnadi, abin kunya ne a ce mu ne muka fi kowa saurin cewa "an ce". Imam Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Tambaya biyu ce tak take kashe rabin jita-jita: kai ka gani da idonka? In ba kai ba, wa ya faɗa maka?

Amma inda ya fi taɓa ni shi ne wancan birnin da ya laɓe a tsakani. Kweza ba ta yi ƙarya ba, madubi ma bai yi ba. Nauyin da ke kan hanya ne ya karkatar, kuma shi ne abin da aka fi daɗewa ba a gani ba. Tsakaninka da ɗan'uwanka ma akwai abin da ke tsaye, a cikin ƙirjinka yake. Bashin da ya hana ka. Auren da kuka nema tare aka ba shi. Ƙungiyarsa da ba taka ba, malaminsa da ba naka ba, jam'iyyarsa, garinsu, yarensu. Duk labarinsa da zai zo maka sai ya gilma ta nan. Shi ya sa in aka kawo maka aibin wanda kake so, nan take za ka ce a bincika, in kuma na wanda kake ƙi ne, sai ka ce da ma na sani. Labari iri ɗaya ne, nauyin da ya bi ta gefensa ne ya bambanta.

Kuma ba ƙiyayya kaɗai ke da nauyi ba, ƙauna ma tana da shi. A cikin waɗanda harshensu ya zame a ƙissar nan har da Hamnatu 'yar Jahshi, Allah Ya yarda da ita, mumina ce mai hijira. Nana A'isha da kanta ta faɗi dalili: tana taya 'yar'uwarta Zainab kishi ne. Ita kuwa Nana Zainab, wadda ita ce kishiyar, ita ce ke gogayya da A'isha a wurin Manzon Allah, da ya tambaye ta abin da ta sani, sai ta ce: ya Manzon Allah, ina kare jina da ganina, wallahi ban san komai ba sai alheri. 'Yan'uwa mata, ku tsaya a nan. Ga dama ta samu, ko shiru ta yi da ɗan taɓe baki ya isa. Ta san nauyin da ke zuciyarta, sai ta ƙi bari ya yi mata gani. A'isha ta ce Allah ne Ya tsare ta da tsantseni. Haka aka ruwaito a tafsirin aya ta 12 cewa Abu Ayyubal Ansari ya tambayi matarsa, ke za ki aikata haka? Ta ce a'a wallahi. Ya ce to A'isha ta fi ki.

Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya san yadda hoto ke karkacewa a hanya, har ya riƙa tare shi tun bai isa ba. Yana i'itikafi Nana Safiyya ta ziyarce shi da dare, ya taso yana raka ta, sai wasu Ansar biyu suka gilma, da suka gan shi suka ƙara sauri. Ya ce ku dakata, Safiyya ce 'yar Huyayyu. Suka ce subhanallah, ya Manzon Allah! Ya ce lalle Shaiɗan yana gudana a jikin ɗan Adam kamar gudanar jini, na ji tsoron kada ya jefa wani abu a zukatanku. Sahabbai ne fa ake faɗa wa haka, kuma a kan fiyayyen halitta.

Ni kaina wannan ya taɓa cin ni, kuma har yau ina neman gafararsa. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Aka fara cewa ana ganin wata mota tana sauke ta bayan isha'i. Mutum uku daban-daban suka faɗa mini cikin mako ɗaya. Ban yaɗa ba, amma na karɓa, kuma da wani mutumin kirki ya zo yana tambayata halinta don yana son aurenta, sai na ce masa ya dai ƙara bincike, da irin muryar da kowa ya san ma'anarta. Bai koma ba. Bayan watanni na gane cewa yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yake kai ta jinyar mahaifiyarsu a asibiti yana dawo da ita. Da na bi sawun maganar, duka ukun daga bakin yaro ɗaya suka ji, mai zama a bakin layi. Motar gaskiya ce, daren gaskiya ne, saukar ma gaskiya ce. Na je na nemi afuwarta ta yafe, Allah Ya saka mata, amma mijin da ta rasa ban iya dawo mata da shi ba.

Sannan ga kwana 417 ɗin nan. Abu ya faru sau ɗaya, ya iso sau biyu. Mu ma muna gani: rikici ya tashi a wani gari, sai a tono bidiyon shekara biyar da ta wuce, wani lokaci ma na wata ƙasa daban, a ce yanzu-yanzu ake yi. Jini ya hau, matasa su fito, wanda bai ji ba bai gani ba ya rasa shagonsa ko ransa. Allah Ya ce a Hujurat, idan fasiƙi ya zo muku da labari ku nemi bayani, kada ku cuci wasu mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. Duba kwanan wata ma neman bayani ne.

Hasken kuma duka tsoho ne, na farkon da na biyun. Abin da madubi ke nunawa yau, halin da kwezar take ciki ne shekara biliyan 9 baya. Masana sun ce kweza ba ta dawwama tana ci, in abin da ke zuba cikin ramin ya ƙare sai ta lafa, birnin ya koma zamansa lafiya kamar sauran birane. Mai yiwuwa wutar da muke kallo ta daɗe da mutuwa. Haka muke yi wa junanmu. Ka san wani da shaye-shaye yana ɗan shekara ashirin, yau yana da arba'in, ya yi shekara goma sha biyar bai rasa sahun asuba ba, amma da an ambaci sunansa tsohon hasken ne ke isowa idonka. Yarinya ta yi kuskure sau ɗaya, ta yi kuka tsakaninta da Ubangijinta a daren da ba ka nan, ta gyara, amma duk manemin da ya zo sai an samu mai kai masa tsohon labari da sunan amana. Gaskiya ne shari'a ta yarda a faɗi abin da aka sani idan an zo neman shawarar aure ko kasuwanci. Abin da aka sani yanzu, da yaƙini, gwargwadon buƙata. Wanda Allah Ya suturta kuma ya tuba, tone shi ba nasiha ba ce. Tuba a ɓoye ake yin ta, ba ta da mai tura ta zaure-zaure, shi ya sa labarin zunubi kan riga ta isowa da shekaru.

Ko a ƙissar ƙagen nan, da gaskiya ta bayyana an bar mutane da wannan jarrabawa. Misɗahu ɗan Usasa yana cikin waɗanda suka yi magana. Ɗan'uwan Sayyidina Abubakar ne, talaka ne, mai hijira, ya halarci Badar, kuma Abubakar ne ke ciyar da shi. Ka auna zafin: 'yarka aka yi wa ƙage, kuma da bakin wanda ke ci daga hannunka. Abubakar, Allah Ya yarda da shi, ya rantse ba zai ƙara ba shi komai ba. Wannan ba zato ba ne, ba "an ce" ba ne, laifi ne tabbatacce. Duk da haka aya ta 22 ta sauka: kada ma'abota falala da wadata daga cikinku su rantse cewa ba za su bai wa dangi da miskinai da masu hijira saboda Allah ba, su yafe, su kau da kai, ashe ba ku son Allah Ya gafarta muku? Da aka karanta masa, Abubakar ya ce ƙwarai, wallahi ina son Allah Ya gafarta mini. Ya mayar wa Misɗahu abin da ya saba ba shi, ya ce wallahi ba zan sake janye shi daga gare shi ba har abada.